Sunan da Na Ɗauko Cikin Ƙanƙara

Mu takwas ne a ofishin shugabar makarantar ranar nan. Akwai ni. Akwai ɗana na fari, wanda ba na kama sunansa, sai dai in ce Baban Ummi. Akwai matarsa Hafsatu, da rigar asibiti a jikinta, don daga wurin aiki aka kirawo ta. Akwai Ummi, jikata, 'yar shekara huɗu, a kafaɗar uwarta, an naɗe ta da bargon da ba namu ba. Akwai malamarsu, Malama Dayana, baƙar Ba'amurkiya mai ƙananan kitso, da shugabar makarantar, wata doguwar Baturiya da ban riƙe sunanta ba. Akwai 'yar sanda mace, bindiga a ƙugunta. Ta takwas ɗin Maman Fati ce, 'yar zangon Kumasi mai dafa wa yaran abinci, wadda aka kira ta yi tafinta. Ni kaɗai aka ba kujera, kuma ni kowa yake kallo.

Ban taɓa shiga aji ba, ko baƙi ɗaya na boko ban sani ba. Hafsatu ce ke rubuta wannan yadda nake faɗa, na kuma ce mata kada ta gyara mini magana, kada ta rage inda na yi laifi. Amma kafin in faɗi abin da ya kai ni kujerar nan, sai na faɗi inda na biyo.

Filin jirgin New York ne ya fara koya mini hankali. Tun a sama wani mutum mai jar hula ya ji ina yi wa ma'aikaciyar jirgi Hausa, ya matso ya ce shi ma ɗan gida ne. Da muka sauka ya dubi jakar hannuna.

"Hajiya, me ke cikin nan?"

"Daddawa ce da kuka, sai ɗan yaji."

"Subhanallahi! In suka gan ta a hannunki ɗaki za su kulle ki. Kawo, ni ina da takarda. Mu haɗu a waje."

Na ba shi. Na tsaya a waje tare da Baban Ummi, inda direbobi ke jiran fasinja, har ƙafafuna suka yi tsami. Ban sake ganin jar hular nan ba. Daddawar da na kwana uku ina haɗawa da hannuna a Rano. Tun daga ranar, duk wanda ya nuna mini takarda sai in ja da baya.

Daga nan sai unguwar Harlem, gidan haya hawa na biyar, ƙofa mai makulli uku. Babu tsakar gida, babu inda za ka shanya ko da kallabi. Na gai da maƙwabcinmu sau huɗu, a na biyar ya ɗaga mini gira. Da hantsi, in Baban Ummi ya tafi ofis Hafsatu ta tafi asibiti, sai in zauna ina sauraro, ko zan ji turmi, ko akuya, ko wata ta kwaɗa mini kira ta kan katanga. Ba abin da nake ji sai jiniya da wani ƙarfe a jikin bango da ke huci yana dumama ɗakin. Na yi kuka a ɗakin nan, amma ba wanda ya gani.

Ranar da zan fara aikin da ya kawo ni, wato kai Ummi makaranta da ɗauko ta, Hafsatu ta zaunar da ni.

"Iya, don Allah abu biyu. Kada ki dake ta, ko da wasa. Kada kuma ki bar ta ita kaɗai, ko da minti ɗaya. A nan in hukuma ta ga ba daidai ba, ɗauke yaro take yi daga hannun iyayensa."

"Su kai shi ina?"

"Su ba wasu su riƙe."

Na riƙe maganar nan a cikina kamar dutse.

Hanyar makarantar da ido na haddace ta: jan famfon 'yan kwana-kwana, shagon mai kifi, coci mai koriyar ƙofa, sai kwana ta hagu. A can na san Maman Fati. Ranar farko ta leƙo ta ƙofar kicin ta ce, "Iya, ka zo lafiya? Yaya ka baro gida?" Na waiwaya in ga wane namiji take yi wa magana. Ashe Hausarsu ce haka, ba ta raba mace da namiji. Na so in yi fushi, sai ta cire safar hannunta ta zura mini, ta ce sanyin garin nan ba ya jin kunyar tsofaffi. Har yau safar tana nan.

Ummi kuwa, da na zo, bakinta ba ya rufuwa. Sunana aka sa mata, shi ya sa iyayenta ke ce mata Ummi, ni kuma in ce Takwara. In yi mata Hausa ta ji sarai, ta amsa mini da Turanci, in ce, "Ke, da wa kike?" ta fashe da dariya. Daga gida har makaranta surutu take, tana nuna mini karnuka masu riga.

Sai sanyi ya shigo da gaske. Ta yi wata mura mai nauyi, kwana shida a kwance. Ta warke, amma ba ta dawo yadda take ba. In kira ta, shiru. In sake kira, shiru, sai na taɓa ta ta zabura. Surutun hanya ya ragu, ya ragu, har ya ƙare. Ta koma zama a gaban taga tana kallon titi. Na gaya wa uwarta, ta ce gajiyar mura ce, za ta wuce. Ita da ke fita da duhun asuba ta dawo tana layi don gajiya, yaushe ta ga abin da nake gani?

Ni na san irin wannan shirun. Ina amarya a Rano, maƙwabciyarmu Tabawa ta kwanta da bakinta ta tashi babu. Sai bayan shekara aka tono ƙaho a bakin ƙofarta, da takarda a ciki, an rubuta sunanta an ɗaure da baƙin zare. An tono a makare. Har ta koma ga Allah ba ta sake cewa uffan ba. Ina tsaye aka fasa ƙahon nan.

Sai na fara sa ido a makarantar. Ba na shiga ajin, a bakin ƙofa ake miƙo mini yarinya, amma ƙofar da gilashi. Abin da na fara gani, igiya ce an ja daga bango zuwa bango, an rataye tafin hannun yara da aka yanka da takarda, kowanne da rubutu a tsakiya. Na ga ranar da Malama Dayana ta dafa hannun Ummi a kan takarda tana zagaye shi da alƙalami, yatsa bayan yatsa. Bayan kwana biyu na ga farantai cike da farin gishiri, yara na zane a ciki da yatsa, malama ta girgiza ya shafe, su sake. Wanda na sani yana zane a faranti ya shafe ya sake, mai bugun ƙasa ne. Sai kuma Ummi ta dawo gida da wani farin mutum-mutumi na takarda, ba ƙafa ba wuya, hancinsa ja, an yi masa rubutu a ciki.

Na jira Baban Ummi ya ci abinci, na ajiye masa shi a gaba.

"Mene ne wannan?"

"Mutumin ƙanƙara ne, Iya. Haka ake koya musu baƙi a nan. Lokacin sanyi komai da kayan sanyi ake yi, don su ji daɗin karatun."

"Karatu da tafin hannun mutum?"

"Safar hannu ce fa suke zanawa."

"Kai ma ka yi karatun ai. Wa ya taɓa auna maka hannu? Yarinya ta daina magana, kana dariya."

"Iya, nan ba Rano ba ne," ya faɗa, idonsa na kan waya.

Ban sake yi masa maganar ba. Na ɗauki abin a hannuna. Kullum in mun dawo, a kan matakala nake tsayawa in buɗe jakarta, in kwashe duk wata takarda, in cusa a rigar matashina, in tofe da addu'a. Sau uku Malama Dayana da kanta ta sa mini ambulan a hannu, ta kama kunnenta, ta nuna Ummi. A wurinmu wanda ya kama kunne gargaɗi yake yi maka. Na ce a raina, to, har ta kai ga ja mini kunne. Su ma ambulan ɗin matashi suka shiga. Wata safiya Maman Fati ta tare ni, ta ce, "Iya, Malama ya ce ka ba iyayen yaro takarda?" Na ce na ba su. Ƙarya na yi, da furfurata.

Ranar da abin ya faru Talata ce. Na yi niyyar in je a lokacin da ba su zata ba, don in ga abin da ake yi in ba idon kowa. Na fita kafin azahar, dusar ƙanƙara ta fara sauka sama-sama. Na zagaya ta bayan ginin, inda tagar ajinsu take. A kan dakalin tagar, ta waje, an jera kwanonin roba. Na matsa. Kowane kwano ruwa ne ya daskare, a cikin ƙanƙarar baƙaƙe ne masu launi, ja da kore da ruwan ɗorawa, sun sandare. A jikin kowane kwano an manna hoton yaro. Na huɗu daga dama, fuskar Ummi ce.

Hotonta, da sunanta, an daskarar da su. Na ce yau ga ƙahon Tabawa a gabana, kuma ni ba zan tono a makare ba.

Na sungumi kwanon na tura ƙarƙashin hijabi, na danne da ƙirji. Ƙofar kicin a buɗe take, Maman Fati ta fita zubar da shara. Na shiga. Yara na layi a baranda za su wanke hannu, malamar ta sunkuya tana ɗaure wa wani takalmi. Ummi ce a ƙarshen layi. Na kama hannunta, ta ɗago ta gan ni, ta biyo ni ba musu. Rigar sanyinta na can rataye a aji, ban tsaya ba. A waje na kwance zanena na sama na goya ta, 'yar shekara huɗu, ƙafafunta na dukan cinyoyina.

Ban nufi gida ba, don sun san gidan. Na ce in kai kwanon masallacin da Baban Ummi ya taɓa kai ni Juma'a, in sa liman ya karya abin. Na san yana wajen da ake sayar da atamfa. Amma kafin in yi layi biyu, sama ta buɗe. Dusar nan ta riƙa zuba kamar ana tankaɗe gari, iska na watsa mini ita a ido. Na nemi jan famfo, ya zama fari. Na nemi koriyar ƙofa, kowace ƙofa iri ɗaya. Allunan da ke kan kwana suna nan, manya-manya, kowa na dubawa ya wuce abinsa, ni kuwa ko me suka ce ban sani ba. Na tare wata mata na ce, "Masallaci?" ta kauce ta ƙara sauri. Na tare wani, ya girgiza kai.

Ƙanƙarar ta fara narkewa a ƙirjina, ruwan na gangarowa cikina, ya jiƙa zane, zanen ya ƙame. Ummi na rawar ɗari a bayana, ina jin haƙoranta a kafaɗata, amma ko kuka ba ta yi. Sai na ji jiniya. Ta wuce, wata ta biyo. Maganar Hafsatu ta dawo mini: ɗauke yaro take yi, su ba wasu su riƙe. Na laɓe a bakin wani gini har motar ta wuce. Na haihu bakwai, na binne biyu, ban taɓa jin tsoro irin na bakin ginin nan ba.

Wata tsohuwa ce ta buɗe ƙofar gilashi ta yafito ni. Shagon wanki ne, injuna na juyi, ɗumi kamar ɗakin mai jego. Gajeriya ce, ba ta jin yarena, ba na jin nata. Ta kwance mini goyon da kanta, ta ciro bargo mai zafi daga cikin inji ta naɗe Ummi, ta zaunar da mu a benci, ta kawo shayi a kofin takarda. Da ta ga abin da na rungume, ta miƙo hannu, na ƙi. Ba ta ja ba.

A kan cinyata ƙanƙarar ta ƙarasa narkewa. Baƙaƙen suka zubo, guda shida, na roba. Na karanta duk abin da na iya, na tofa. Ummi ta zaro hannu daga bargo, ta tsince su ɗaya-ɗaya, ta jera a kan benci, ta gyara wannan, ta juya wancan. Na ce alhamdulillahi, ɗaurin ya kwance. Na tashi na koma bayanta, ta hagu, na ce, "Takwara."

Shiru.

"Ummi!"

Ko motsi. Tana ta shafa baƙaƙenta. A nan na sare, na zauna a ƙasa gefen bencin. Da 'yar sandar nan ta turo ƙofa, tana magana a rediyon kafaɗarta, ban ko tashi ba. Na dai riƙe ƙafar Ummi, ban sake ta ba har cikin mota, har ofishin shugaba.

To, ga mu mu takwas. Malama Dayana jiƙe take sharkaf, idanunta sun yi ja. Maman Fati ta ce mini a hankali, wai malamar ba riga ta fita, ta zagaye unguwar tana kiran yarinya. Shugaba ta yi magana, Maman Fati ta juya: "Iya, ya ce me ya sa ka ɗauke yaro ba ka faɗa ma kowa ba?"

Na kwance bakin zanena na zube baƙaƙen a kan tebur.

"Ki tambaye ta wannan. Wa ya sa ta ɗaure bakin jikata a ƙanƙara?"

"Iya, don girman Allah," in ji Baban Ummi.

"Kai yi mini shiru. Ke, faɗa mata yadda na faɗa, kada ki sa masa zuma."

Maman Fati ta faɗa. Na zaci malamar za ta yi dariya, kamar ɗana. Ba ta yi ba. Ta share ido, ta yi bayani a hankali, Maman Fati na juyawa. Wai washegari ne za a shigo da kwanonin, kowane yaro a ba shi ruwan ɗumi da cokali, ya narka nasa, baƙin da ya fara fitowa ya faɗi sunansa, har ya haɗa sunan kansa. Wai yaro ba ya manta baƙin da ya sha wahala ya tono da hannunsa.

Na ce, "In ba cuta, ta sa nata sunan mana. Mai ba da magani shi ke fara lasa."

Malamar ta fita. Ta dawo da kwano babba, ƙanƙara har baki, baƙaƙe a ciki, hotonta a jiki tana murmushi. Shi ne na farko a layin tagar, ban duba ba, idona na kan na Ummi. Ta ajiye shi a gabana. Na taɓa, na juya shi, na duba ƙarƙashi.

Sai ta juya wajen Hafsatu ta yi wata tambaya. Na ga fuskar Hafsatu ta canza.

"Wace takarda?" ta faɗa da Hausa, ta manta da wa take magana. Ta dubi mijinta. "An aiko da takarda sau uku, wai. An kira lambarka, ashe tsohuwar lambar ce a rajista." Sannan ta dube ni. "Iya?"

Na dubi ƙasa.

Malama Dayana ta roƙi a sauke Ummi. Ta tsaya a bayanta ta hagu, ta yi magana. Yarinya ba ta waiwaya ba. Ta zagayo ta dama, ta sunkuya, da murya ƙasa-ƙasa ta ce, "Rakiya."

Ni da Ummi muka waiwaya tare.

Shekara nawa rabon da wani ya kira sunan nan gatsal a gabana, tun rasuwar mahaifiyata. Na ce, "Wa ya ba ta sunana?"

"Shi ne a rajista, Iya," in ji Hafsatu. "Ummi ai a gida ne kawai. Waɗannan baƙaƙen da kika ɗauko, sunanki ne." Ta sa hannu ta rufe bakinta, ta sauke. "Kunnenta ne. Tun bayan murar nan malama ta lura ba ta ji ta hagu, na daman ma sama-sama. Ruwa ne ke taruwa a ciki. Shi take rubuto mana, mu kai ta a duba da wuri, kafin ya yi mata illa. Mako uku, Iya. Ni ina asibiti kullum, mako uku!"

Ashe mu biyu ne muke sa wa yarinyar nan ido, ni da wadda nake zargi. Ita ta ga ciwon ta rubuta, ni na kwashe na kwanta a kai.

Abin da ya rage na ji shi kamar daga nesa. 'Yar sanda ta yi rubutu ta tafi, ba ta ɗauki kowa ba. Shugaba ta ce dole ta sanar da hukuma, wata za ta zo gida ta duba yadda muke zaune, kuma an cire sunana daga masu ɗaukar Ummi sai yadda hali ya yi. Maman Fati ta juya mini wannan ba ta dube ni ba. Da za mu fita na tattara baƙaƙen zan miƙa wa malamar, ta rufe hannuna a kansu ta tura mini.

Muna cikin mota, mun kusa gida. Baban Ummi ya ce, "Iya, zan duba maganar tikitin komawarki gida. Ina ganin garin nan ya yi miki nauyi." Hafsatu na baya, ta rungume 'yarta, tana kallon taga. Da magariba na yi tuwo, ba wanda ya ci.

Washegari, da na idar da sallar asuba, na zare rigar matashina na kai falo. Hafsatu na zaune da waya, tana neman layin likita. Na zazzage takardun a gabanta, tafin hannu da mutanen ƙanƙara da komai, na durƙusa, abin da ban taɓa yi wa suruka ba.

"Ga su. Ki cire naki ukun. Na cuce ki, na cuci 'yarki."

Ta zabura ta kama ni. "Iya, tashi, don Allah tashi, kada ya fito ya gan ki haka." Ta tsinci ambulan ukun, ta buɗe, ta karanta, ta koma kan wayar har ta samu layin likitan. Sannan ta ce, "Ƙarfe tara za su gan ta. Ki sa takalminki. In likita zai leƙa kunnen ba za ta tsaya a hannuna ba, sai a naki."

Na shiga kicin na ɗauko kwanon shana, na silba, wanda na zo da shi daga Rano. Na tashi Ummi, na zaunar da ita a cinyata, na zube baƙaƙen shida a gabanta. Na zagaya ta kunnen dama, na sa bakina daf.

"Takwara, jera mini. Wanne ne na farko?"

Ta dube ni. Ta ɗauki wani ja, mai kai kamar tulu da ƙafa biyu, ɗaya a miƙe ɗaya ta yi gaba, ta sa mini a tafin hannu. Hannuna da sauran sanyin ruwan alwala. Ta janye nata da sauri, ta ɓata fuska, ta ce da Hausa, "Sanyi!"

Na riƙe baƙin nan na dube shi da kyau, don in san shi in na sake ganinsa. Ta jera sauran a cikin kwano, na yi bisimilla na zuba ruwa, na ɗaga taga na ajiye shi a waje. Hafsatu na tsaye a bakin ƙofa da rigar sanyi a hannu.

"Iya, kin yarda ke nan?"

"Ban ce ba. Amma sunan ai nawa ne kafin ya zama nata. In akwai abin da zai kama mai shi, ni ce babba, ni zai fara samu."

Na rufe taga, na zura safar Maman Fati, na karɓi ambulan ukun na riƙe a hannuna. Na bi ta gefen dama na kama hannun Ummi, muka sauka.